Tsumman Inna Hadda

A da, da an idar da sallar asuba za ka ga Inna Hadda a mararrabar ƙauyenmu da ke bayan garin Sidi Buzid, da burodi da ɗan man zaitun a leda, da tsohon tsumma a kafaɗa. Shekara da shekaru tana tsinkar zaitun a gonakin mutane. Bana gwiwa ta ce ta gaji.

Kowa ya san dabarar direbobin a-kori-kura masu kwasar mata zuwa gona: su kwara ruwa a bayan mota don kada kowa ta zauna, tunda a tsaye mota ta fi cin mutane. Da aka yi juyin juya hali maza suka cika gidajen shayi da zancen 'yanci, amma ba a fasa kwara ruwan ba.

Shekarar da Rauda, matar ɗanta, ke da tsohon ciki, ga ɗan ba aikin yi, dole yarinyar ta bi ta gona. Inna ta hau mota, ta goge ruwan tas, ta zaunar da ita, ita ma ta zauna.

"Inna, falonki ne nan?" in ji Munsif direba. "Tashi, akwai mutane a ƙasa."

"Ɗan nan, ko tumaki ka ɗauko ai kana shimfiɗa musu ciyawa."

Ya sauke su. Duk kakar nan ba direban da ya sake ɗaukar su, maigidan Inna kuwa ya yi ta mita wai ta jawo musu yunwa. Ba ta fasa zuwa mararraba da tsummanta ba. Sai da wata mota ta sha kwana ta watsar da mata a kwalta, aka binne maƙwabciyarta, sannan sauran suka fara fitowa da nasu tsummokaran. Ranar taron majalisar gari ta shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumman a kujerar shugaba, ta ce, "Ranka ya daɗe, zauna mu yi magana." A tsaye ya saurare ta har ta gama.

Inna, ke ce ba ki iya karatu ba, ba ki taɓa hawa mumbari ba, amma albarkacinki matan ƙauyenmu a zaune suke zuwa gona, kuma Rauda ta sauka lafiya. Mun gode, Allah ya huta gajiya.

A ƙauyukan da ke gaba da mu har yau ana kwara ruwan. Duk mai tsumma a gida, gobe ta fito da shi.