Wayar Ƙasa a Wurin Alwala

Shekarar da na dawo Ikara da digiri, bayan samun 'yancin kai, na haɗa fitilar lantarki da bututun ƙarfe domin zauren karatun Baba, inda manyan ɗalibai ke jingina ko'ina. Kawuna, tsohon ma'aikacin reluwe, ya hana a jona ta da injin wutar maƙwabcinmu.

"Malam mai digiri, ina wayar ƙasa? In wuta ta zubo wa ƙarfen nan, ta jikin wanda ya dafa za ta bi."

Kawu ya ɗaura waya a bututun, ya kai ta wurin alwala, ya kafa sandar tagulla a ƙasa ya ɗaure wayar a jikinta, domin busasshiyar ƙasa ba ta shan wuta, can kuwa kullum a jiƙe take. Sannan ya dafa ƙarfen, ya ce in kunna.