Wurin da Ba a Shafawa

Ƙamshin sabon fenti na shaƙa a gidan maƙwabciyata a nan Rano, sai ya tuna min da ɗakin kakarmu a Kibiya, ɗakin da bai taɓa ganin fenti ba sai bana.

Muna yara, da an gama girbi, kakarmu takan jiƙa farar ƙasa a tsohon kasko, ta ɗiga bula kaɗan don farin ya fito. Mu mata jikokinta mu fitar da kwanuka da tabarmi tsakar gida, kowa ta ɗauki tsumma. Ba buroshi, da hannu ake yi. Ƙamshin jiƙaƙƙen bangon kamar na ruwan farko ne a kan busasshiyar ƙasa. Kafin azahar duk mun yi fari fat har gira, tana yi mana tsiya wai mu muka shanye rabin kaskon.

Amma akwai wuri ɗaya a gefen gadonta, faɗinsa bai fi faifai ba, da ba a shafawa. Jar ƙasa ce zalla. Wata shekara na kai tsummana wurin, ta riƙe min hannu.

"Ke, bar nan. Nan ne ruwana."

Sanyin ƙashi ne da ita, in ya motsa ba ta iya taɓa ruwa. Sai ta juya daga kan gado, ta buga tafukanta a bangon, ta yi taimama. Ba ta yarda komai ya shiga tsakanin hannunta da ƙasa. Da daɗewa wurin ya yi sumul, ya ɗan lotsa, in ka kara hannunka sai ka ji ya zauna daidai.

Bayan rasuwarta Innarmu ta koma ɗakin. Ita ma da jinya ta kwantar da ita, a nan take taimama. Ni nake ɗago ta, in kama hannayenta in kai su bangon, don ƙarfinta ya ƙare. Hannunta ya fi na kakarmu ƙanƙanta, yana shigewa ciki.

Inna ta rasu bara, Allah ya ji ƙanta. Bana yayanmu, wanda ke jigilar kaya tsakanin Kibiya da Kano, ya kira ni. Babban ɗansa zai yi aure, za a gyara ɗakin a sa amarya.

"Ke kika san kala," in ji shi. "Mai fenti ya ce ruwan madara ko ruwan hoda. Ki zo ki zaɓa, ni duk ɗaya nake ganinsu."

Na amsa masa da to. A mota ina ta shirya maganar da zan yi: a shafa duk kalar da ake so, amma a bar min wurin nan, ko da labule ne a rufe shi. Na san ba zai ƙi ba.

Da na shiga, ɗakin ya zama ruwan toka daga sama har ƙasa. An riga an yi filasta. Magini na tsaye a bakin ƙofa yana wanke cokalinsa.

"Malam, gefen da gado yake fa? Akwai wani ɗan wuri."

"Wanda ya lotsa? Ai Hajiya kar ki damu, na cike shi. Sai da ya ci siminti sosai, amma yanzu ko ke ba za ki gane wurin ba."

Gaskiya ya faɗa, ban gane ba. Na bi bangon da tafin hannu, ko'ina ɗaya.

Yaya ya same ni a haka. Da na gaya masa, ya cire hularsa ya mayar.

"Wallahi ban sani ba. Ni a bakin ƙofa nake durƙusawa in gaishe su."

Ban ga laifinsa ba. Maza ba sa zama a ɗakin, mu muka san abin da ke cikinsa, kuma ba mu taɓa tunanin abin faɗa ba ne.

Mai fenti ya miƙo min waya yana nuna kaloli. Idona ya cika, duk suka gauraye. Na ce a sa ruwan madara, don ya fi kusa da farin da na sani.

An yi biki, ɗakin ya yi kyau, amarya yarinya ce mai ladabi. Gidajenmu yanzu duk haka suke, har nawa, bango mai santsi da ake gogewa da soso. Ranar da na kai mata ziyara, ta shimfiɗa min darduma a gefen gadonta, ta ce, "Gwaggo, ki zauna nan." Na zauna, na jingina da bangon, na yi wa mata biyu addu'a a zuciyata, ita kuma tana ta ba ni labarin labulen da take so ta saya.