Atamfar da Ba a Lasa Ba

Sunana ba zai ƙare ku da komai ba, saboda haka na bar shi. Abin da nake so ku sani, ku samari da 'yan mata masu tasowa, shi ne ni ba a gidan ɓarayi aka haife ni ba. A Sabon Gari na tashi, a hannun uwa mai tsoron Allah. Mahaifina ma'aikacin jirgin ƙasa ne, aiki ya kawo shi Kano daga kudancin Zariya, ya rasu ina ƙarami. Mama ce ta riƙe ni da kaskon ƙosai, kuma ita ce shugabar zumuntar mata a majami'armu. Matar da in ta ce ga yadda magana take, ba mai sake tambaya. Ni kuwa ina cikin mawaƙa, in na ja baiti tsofaffi har gyaɗa kai suke yi suna cewa yaron nan fasto zai zama. Fasto! Allah Sarki.

Da na gama firamare, Mama ta kai ni wurin Alhaji Rasaki, wani Bayarabe mai shagon atamfa a Fagge. Mutumin kirki ne, ko da yake yana da faɗa. Shi ya koya mini awon yadi da ninkin turmi, ya kuma koya mini yadda ake gane atamfa ta gari. Mata ma sun san wannan, ba sai an koya musu ba. Mace za ta kama gefen zane ta lasa, ta jiƙa shi da yawu, ta murza a kan farin ƙyalle. In launi ya fito, mai zuba ce, sai ta ajiye ta yi gaba. Ba macen da za ta sayi atamfa mai tsada ba ta yi haka ba, ko da kuwa a hannun ƙaninta ne.

Sai ga zamanin kuɗin man fetur. Ku da ba ku gani ba, ba za ku gane ba. Gwamnati ta yi wa ma'aikata ƙarin albashi, gari ya rikice. Masinjan ofis da jiya yake tafiya a ƙasa, yau ga shi bisa sabon babur. Kowane lungu rediyo mai kaset na tashi. Sa'o'ina suka tara suma, suka sa wando mai faɗin ƙafa da takalmi mai tudu, suna wucewa ta gaban shago suna ɗaga mini hannu. Ni ina tsugune ina ninke zanen mutane. Abin ya ci mini rai, ba zan ɓoye muku ba. Ina zuwa sujada ina rera cewa Allah ne mai biyan bukata, a zuciyata kuwa ina cewa ya cika jinkiri.

Da yatsa huɗu na fara. In ina awo sai in ɗan ja hannu baya, yatsa huɗu su ragu a kowane yadi. Wa zai lura? In ƙyallayen suka taru sai in kai wa teloli. Ranar farko na yi ta waiwaye ko Alhaji ya gan ni. Kafin wata ya zagayo, hannuna da kansa yake ja baya, ba sai na gaya masa ba.

Ayuba ne ya ɗora ni a mataki na gaba. Tare muke waƙa a majami'a kafin ya daina zuwa, yanzu ya zama ɗan kwalisa, kullum da tabarau. Ya same ni a shago Alhaji ya tafi masallaci, ya dubi tarin atamfa 'yar Holan, ya ce, "Kai fa wawa ne. Kana zaune a bakin rijiya kana kukan ƙishirwa." Ya nuna mini yadda ake kara lambar takarda da ke jikin atamfa ta gari a kan tururin ruwan zafi, ta ɓanɓaru lafiya lau, a manna ta a jikin jabu mai irin zanenta. Shi zai kawo jabun, ni in sa a cikin kayan Alhaji, in fitar da ta garin mu sayar. Na ce, "Ayuba, wannan ai sata ce." Ya yi dariya ya ce, "Yatsa huɗun da kake ragewa fa, baikon majami'a ne?" Ashe teloli sun gaya masa. Sai na yarda.

Mutanen ƙauye muka fi yi wa, waɗanda suka zo sayen kayan aure suna sauri kada mota ta bar su. Na sayi takalmin, na sayi wandon, na fara shiga sinima da otal. Mama ta tambaye ni ina nake samu, na ce Alhaji ne yake mini alheri. Ta ɗaga hannu ta sa wa Alhaji albarka.

Ana nan sai Ista ta matso. Matan zumunta suka shirya yin anko, su duka zane iri ɗaya da farar riga, don ranar Litinin ɗin Ista. A ranar ne muke fita wani fili a bayan gari mu yi sujada da waƙe-waƙe, abin da muke kira zuwa Galili. Watanni suka yi suna tara kuɗin. A cikinsu akwai mai sayar da itace, akwai mai wankau, akwai gwauruwar da sai ta rage cefane take samun abin sawa. Duk a hannun Mama suka tara, don ita ce ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Mama ta kira ni ta ce, "Ɗana, tunda kana cikin sana'ar, ka samo mana mai kyau. Ka fitar da ni kunya."

Na so in yi gaskiya a wannan karon, Allah ya sani. Amma Ayuba ya nuna mini wani babur ja da ake sayarwa, ya ce wannan ciniki ɗaya ya isa. Ya ce ai mata sai sun wanke zane yake zuba, kafin nan Ista ta wuce, sai a ce sabulu ne. Na yarda. Na san sarai sunan uwata nake ɗorawa a kan wannan ciniki, na kuma yarda.

Ranar da na kai kayan, matan suna zaune a inuwar majami'a bayan taronsu. Na kwance ɗauri, atamfa ta fito shuɗiya da ja, tana sheƙi, ga lamba a jiki. Aka yi ta guɗa. Sai Mama Ngozi, wata 'yar ƙabilar Ibo da ta daɗe tana kasuwanci a Sabon Gari, ta jawo turmi ɗaya, ta kama gefensa za ta kai baki. Sai wata tsohuwa ta buge mata hannu ta ce, "Haba Mama Ngozi! Kayan ɗanmu za ki lasa? A gaban uwarsa?" Mama Ngozi ta ji kunya, ta saki zanen, ta ce, "Yi haƙuri, hannu ne ya saba." Aka yi dariya. Ba wadda ta sake gwadawa. Kunyar Mama suka ji, ni kuma na ɓuya a bayan wannan kunyar. Har addu'a suka yi mini kafin in tafi.

Abin da ni da Ayuba ba mu lissafa ba shi ne zafin Kano a watan Ista. Ranar Galili rana ta buɗe tun da hantsi. Mata suka jeru cikin sabon anko, ana kaɗa tulu, ana rawa, Mama a gaba tana ba da waƙa. Ni ina gefe bisa jan babur, ina hura hanci. Zufa ta fara karyo musu. Sai na ga wata ta dubi tafin hannunta, ta dubi na kusa da ita. Fararen riguna suka fara rinewa daga ƙugu, shuɗi da ja suna hawa. Wadda ta share fuska da gefen zane, fuskar ta koma shuɗiya. Jaririn da ke goye ma bai tsira ba. Yara suka fashe da dariya, matan wasu majami'u suna nunawa da baki. Waƙa ta yi ta raguwa har tulu ya yi shiru. Mama ta dubi rigarta, sannan ta ɗago ta neme ni cikin taro har ta same ni. Na tayar da babur na gudu.

Washegari matan suka kwashi zannuwan suka yi Fagge, wurin Alhaji Rasaki, tunda kowa ya san a shagonsa nake. Alhaji ya rantse bai san zancen ba, ya sa aka zazzage shagon a gabansu. Sai ga jabu cikin kayansa, turmi bayan turmi, da lambar da na manna. A gidan wani abokina 'yan sanda suka kama ni. Ayuba kuwa ko ƙurarsa ba a gani ba. A kotu ban sami bakin musu ba, alƙali ya tura ni gidan yari.

Ba zan ba ku labarin gidan yari da yawa ba. Akwai kwarkwata, akwai gabza, akwai wari, ku dai roƙi Allah kada ya kai ku. Abin da ya fi waɗannan ci mini rai shi ne labarin da ya iso ni, cewa Mama ta sauka daga shugabanci da kanta, kuma wasu na cewa da saninta aka yi, tare muka raba. Matar da ko ƙosai ɗaya ba ta taɓa rage wa mai saye ba!

Da ta zo ganina, da zanen nan ta zo a ɗaure. Ya koɗe, ya yi dabbare-dabbare, ko tsumma ya fi shi kyan gani. Raina ya ɓaci, na ce, "Mama, don ki tozarta ni kika ɗauro wannan?" Ta ce, "Shi nake ɗaurawa kowace Lahadi. Ni na ce wa mata su amince da kai. Su sun jefar da nasu, ni ba ni da ikon jefar da nawa." Ta tura mini ƙullin ƙosai ta ce, "Ni na yafe maka tun a filin nan. Amma ba ni kaɗai ka yi wa laifi ba, ka san waɗanda suka rage."

Duk da haka ban tuba nan da nan ba, taurin kai gare ni. Akwai wani tsohon mai bishara da ke zuwa mana ran Lahadi. Kullum in na zauna da shi sai in ce Ayuba ne ya cuce ni, Ayuba ne ya koya mini, Ayuba ya gudu ya bar ni. Ran nan tsohon ya gaji, ya ce, "Ɗana, tun da na fara zuwa nan zunubin Ayuba kake furta mini. Ayuba ne zai tuba, ko kai?" A ranar na durƙusa a gabansa, na faɗa wa Allah abin da ni na yi, tun daga yatsa huɗun nan, ban sa sunan kowa ba. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka yanke mini hukunci. Tsohon ya ce Yesu bai zo don masu lafiya ba, irina ya zo nema. Na gaskata, kuma tun daga ranar na sami barci.

Da aka sake ni na fara zuwa Fagge. Alhaji Rasaki ya saurare ni har na gama, ya ce, "Na yafe maka saboda Allah. Amma hannunka ba zai sake taɓa kayana ba." Gaskiyarsa ce. Ba wanda ya yarda ya ɗauke ni aiki, sai na shiga dako a kasuwar Sabon Gari, ina ɗaukar buhun shinkafa a ka, a gaban mutanen da suka san ni da babur. Wata rana a samu, wata rana a wuni ba a yi ko sisi ba. A irin wannan ranar ce Ayuba ya ɓullo cikin mota, ya leƙo ya ce, "Shigo, akwai harka a Legas." Cikina na kukan yunwa, ƙafata har ta motsa. Na ce masa, "Je ka abinka. Abincin yini ɗaya aka ce mu roƙa, kuma tun da na fito ban kwana da yunwa ba." Gaskiya na faɗa, ko da yake sau da yawa sai yamma liƙis Allah yake kawowa.

Abu na ƙarshe da ya rage shi ne majami'a, kuma shi na fi tsoro. Na je wurin dattawan ikkilisiya, suka ce sai na tsaya gaban jama'a na furta, sannan a sa ni horo. Mai horo ba ya cin Jibin Ubangiji, wato gurasar da ake rabawa a sujada, ba ya waƙa cikin mawaƙa, kuma a bencin ƙarshe yake zama, can bakin ƙofa, shi kaɗai, inda duk mai shiga zai gan shi. Na tsaya na faɗi abin da na yi, na roƙi matan zumunta gafara. Wasu suka ce sun yafe, wasu suka kau da kai, ban kuma ga laifinsu ba. Na taka zuwa bencin nan, na zauna, na sunkuyar da kai.

An fara waƙar farko ke nan sai na ji ana jan ƙafa a tsakiyar majami'a. Mama ce ta taso daga cikin mata, can gaba inda take zama tun kafin a haife ni, tana tafe a hankali don gwiwa ta fara damunta. Wani dattijo ya tare ta ya ce, "Mama, ai ke ba a sa ki horo ba." Ta ce, "Na sani. Wurin ɗana zan zauna." Ta zauna kusa da ni, ta buɗe littafin waƙa, ta riƙe mana mu biyu. A nan ta zauna kowace Lahadi har aka ɗage mini horon.

To, 'ya'yana, kun ji. Kada ku raina ƙaramin abu, hannu saurin sabo gare shi. In kun ga na wani ya zo naku bai zo ba, ku jira Allah, jinkirinsa ya fi gaggawar Shaiɗan. In kuma kun riga kun faɗi, ku tashi ku furta naku laifin, ƙofa a buɗe take, ni shaida ne. Amma ku tuna ba ku kaɗai za ku biya ba. Ni na yi satar, tsohuwa mai ciwon gwiwa ce ta taka har bencin baya. Kada ku sa taku uwar ta yi wannan tafiya.