Darbejiyar Masu Jego

Mahaifiyata ce ta dasa darbejiyar nan a tsakar gidan da muke haya a unguwar Hindawiyya, shekarar da ta zo aikin Hajji ta ƙi komawa. Jidda ba garin ruwa ba ne, saboda haka da ruwan alwala aka raine ta. Kowa a gidan ya san inda zai tsuguna da butarsa. Ka yi alwala a wani wuri, ranar sai kunnenka ya gaya maka.

Da na girma na samu aikin girki a unguwar Abhur, gidan wata Baturiya. Wata rana ina yankan albasa take ba ni labarin ƙauyensu a Ingila. Wai akwai wani itace a bayan ɗakin babanta, a filinsa na kansa, amma ko reshe bai isa ya sare ba sai hukuma ta yarda, domin doka ta tsaya wa itacen. Na ajiye wuƙa na yi dariya har da hawaye. Ikon Allah! Ni da aka haifa a Jidda ina laɓewa in na hango motar 'yan sanda, ga itace can da gatansa.

Dariyar ba ta je ko'ina ba. Bayan rasuwar mahaifiyata, ɗan mai gidan da muke haya, wani Balarabe mai ji da kansa, ya gaji gidan. Ya zo ya ce zai sare darbejiya ya gina shago.

"Halas, magana ta ƙare, ya Hajja," in ji shi. "Gobe masu zarto za su zo."

Raina ya ɓaci. Wa zan kai wa ƙara? Rabin matan gidan ba su da iƙama, takardar izinin zama, muna zuwa ofis mu za a fara kwashewa.

To amma akwai abin da bai sani ba. Duk matar da ta haihu a unguwarmu, da ganyen darbejiyar nan ake fyaɗa mata ruwan zafi a wankan jego. Da, aikowa ake yi a tsinka. Ranar na ce an daina aike. Na je na ɗauko 'yar maƙwabciyata da ta haihu a makon, ita da jaririnta. Da safe muka ɗora ƙatuwar tukunya a gindin itacen, muka kewaye da zannuwa.

Ya iso da mutanensa, ya tarar da ni a bakin ƙofa.

"Yalla, matsa."

"Mai jego na wanka a ciki, ba ko zani a jikinta. Bismillah, shiga da mazan naka, in ka isa."

Ya ja da baya yana istigfari. Masu zarton ma tuni sun juya mana ƙeya.

"Sai yaushe?"

"Sai ta yi arba'in."

Ya ce ai ba yini ake yi ana wanka ba. Na ce masu zuwa barka fa, da masu shayarwa, a ina yake so su yaye mayafi?

Ya daure har arba'in ta cika, ya dawo. Tukunya na kan wuta, wata ce kuma ta haihu. Ya koma, ya sake dawowa, ya tarar da hayaƙi. Wannan karon ko sallama bai yi ba.

"Ya Hajja, don Allah, yaushe wannan wankan zai ƙare?"

Na gyara tsayuwa, na dube shi ido cikin ido.

"Ranar da matan Hindawiyya suka daina haihuwa, zo da zartonka. Ni da kaina zan riƙe maka tsani."