Shafin da Usta Yadollah Ya Kasa Rubutawa

Rumfar Usta Yadollah tana hannun dama in ka shiga kasuwar Hamadan ta layin masu fata, tsakanin mai gyaran fitila da wani Ba'armene mai sayar da zare. Ɗinkin littattafai ne sana'arsa. A kawo masa littafin da ya wargaje, ya jera takardun, ya huda da basilla, ya ɗinke, ya sa bangon fata. A gefe kuma yana da kanta biyu na littattafan labari da yake bayarwa haya. Mun san juna tun muna samari, kuma da yake makarantar Mishan na yi, Bature yake kirana har ya bar duniya.

Bai cika karanta abin da yake ɗinkawa ba. Karatun nasa na allo ne, da yatsa yake bin layi.

"Ni lambar shafi nake dubawa, Bature," in ji shi. "Sauran kuma naku ne, ku da aka koya wa cin abinci da cokali mai yatsu."

Ɗansa namiji ɗaya ne, Nosrat. Yaro ne mai hankali, mai ƙarancin magana. Ya tafi Tehran karatun aikin malanta, uban yana ta faɗa wa duk wanda ya tsaya a rumfar. A shekararsa ta biyu, farkon sanyi, sai ga shi ya dawo da akwatinsa ba lokacin hutu ba. Ba a kore shi ba, bai yi faɗa da kowa ba. Ya gai da uwarsa, Batul Hanum, ya shige ƙarƙashin korsi, wato gajeren teburin nan da muke sa wa kaskon garwashi a ƙasa mu lulluɓe da babban bargo, kowa ya miƙe ƙafa ya ja bargon zuwa ƙirji. Mu dukanmu a nan muke cinye sanyi. Amma muna tashi da safe. Nosrat bai tashi ba.

Uwar ta dafa masa shayin furanni, ta karɓo rubutu a wurin malamai. Likita ya zo ya ce jijiyoyi ne, ya ba da ƙwayoyi. Yaron yana shan duk abin da aka ba shi, ya yi godiya. In an tambaye shi ina ke ciwo sai ya ce babu. Abu ɗaya yake nema, a kawo masa littattafan labari daga rumfa, musamman sababbin da ake bugowa a Tehran.

Dalilin da ya sa Usta Yadollah ya fara karatu ke nan, gemunsa ya riga ya yi furfura. Yana so ya san abin da ɗansa yake gani a ciki. Wata rana da hantsi na tarar da shi ya ture aiki gefe, gam ya bushe a kwano, yana bin layi da yatsa.

"Zauna, Bature. Wai su waɗannan marubutan ba su da iyaye ne?"

Na ce me suka yi.

"Mutumin da ke cikin wannan littafin akawun gidan waya ne. Lafiyarsa lau, albashinsa na zuwa. Rana ɗaya ya ce bai ga amfanin zuwa aiki ba, ya liƙe tagarsa da jarida, ya kwanta. A ƙarshe ya kashe kansa. Wancan ɗalibi ne, shi haukacewa ya yi. Na ukun har yanzu yana yawo a titi yana tambayar kansa me ya kawo shi duniya. Na karanta tara, ko ɗaya bai tashi ba. A littattafan Turawanku fa, suna tashi?"

Na gaya masa gaskiya, cewa wasu suna tashi, amma na zamanin nan yawanci ba su fi namu ba.

"To ashe cokalin bai yi musu rana ba," ya ce, amma bai yi dariya ba.

Hana littattafan bai yiwu ba. Ya gwada, yaron ya juya fuska bango ya daina cin abinci. Sai Usta Yadollah ya yi abin da hannunsa ya iya. Ya ɗauki littafin akawun nan, wanda Nosrat ya fi maimaitawa, ya warware ɗinkin, ya zare takardun ƙarshe. Ya zauna ya rubuta nasa ƙarshen, ya kai wa wani abokinsa a maɗaba'a aka buga masa da irin haruffan littafin. Ya jiƙa takardun da ruwan shayi don su yi launin tsofaffin. Na riƙe littafin a hannuna bayan ya ɗinke, kuma ina tabbatar muku ko mai littafin ba zai ga wurin haɗin ba.

A nasa ƙarshen, akawun ya farka wata safiya ya yage jaridar taga. Ya je gidan wanka, ya biya wurin wanzami, ya ci romon nama da gurasa har kwano biyu. Ya koma aiki, shugabansa ya yafe masa. Kafin shekara ta zagayo ya auri 'yar maƙwabcinsu.

Usta Yadollah ya roƙe ni in bi shi gida ranar da zai ba Nosrat littafin. Muka zauna a korsi muna shan shayi, Nosrat yana karatu a ɗaya gefen. Uban ko kurɓa ɗaya bai yi ba. Da yaron ya kai ƙarshe sai muka ji dariya. Batul Hanum ta shigo a guje da ludayi a hannu, don rabonta da jin wannan murya tun kafin ya tafi Tehran.

"Baba, kwano biyu?" in ji Nosrat. "Mutumin da ya yi wata uku yana shan ruwa da sigari?"

"Yo ba yunwa yake ji ba? Kai ka san ta, ai."

"Har da hamdala bayan ya gama. Baba, wannan romon na Mash Safar ne na bakin kasuwa, ina jin ƙamshinsa."

Uban ya yi dariya shi ma, hawaye na bin gemunsa. Na ɗauka an gama. Amma Nosrat ya rufe littafin ya ɗora a kan bargo, ya yi magana a hankali, ba da raini ba.

"Ɗinkin ya yi kyau, Baba. Sai dai ka rubuta cewa ya tashi, ba ka rubuta dalili ba. Jiya bai ga amfanin tashi ba, yau ya gani. Me ya gani?"

Usta Yadollah ya ce, "Gari ne ya waye."

"Kullum ma yana wayewa."

Wannan tambaya ita ta cinye sauran shekarunsa. Ya rubuta cewa akawun ya tuna uwarsa. Nosrat ya ce ai bai taɓa mantawa da ita ba. Ya rubuta cewa ya ji kiran salla. Nosrat ya ce yana ji kullum, kuma yana yin sallar. Na kawo abin da aka koya mana a Mishan game da bege, na faɗa masa dalla-dalla yadda na haddace. Ya saurara da ladabi, ya zuba mini shayi.

Da sallar sabuwar shekararmu ta ƙarshen sanyi ta matso, lokacin da kowane gida yake fitar da darduma ya kakkaɓe, Batul Hanum ta ɗauke korsi kamar yadda aka saba. Ta yi zaton in babu ɗumi Nosrat zai tashi. Ya ja bargo ya kwanta daidai inda teburin yake. An kai shi asibiti a Tehran sau biyu. Yakan dawo ya ɗan yi ƙiba, ya zauna a tsakar gida kwana kaɗan, sa'an nan ya koma.

Hayar littattafai ta mutu da zuwan talabijin. Idon Usta Yadollah ya fara dushewa, har zare ya gagare shi shiga allura. Aikinsa na ƙarshe shi ne ya sake warware littafin akawun, ya cire duk ƙarshen da ya rubuta, ya ɗinka fararen takardu a madadinsa. Ya kai wa ɗansa tare da alƙalami.

"Ni na gaza, ɗana. Kai ka fi ni karatu. In ka gano, rubuta. Ko layi ɗaya ne, Bature zai karanta mini."

Nosrat ya sumbaci hannunsa ya karɓa. Bayan haka duk ranar da na je gidan, tsohon yakan ja hannuna ya tambaye ni a kunne ko an rubuta wani abu. Nakan duba, in ce tukuna. Ya rasu cikin sanyi, dusar ƙanƙara ta rufe hanyar maƙabarta har sai da aka haƙa. Nosrat ya tashi ya ɗauki makara tare da mu, bai yarda kowa ya karɓe shi ba. Da muka dawo ya cire takalmi ya koma wurinsa.

Yanzu ƙanwarsa ce take kula da shi. Kansa ya yi fari. Na je bara, da sandata, na tarar da littafin kusa da matashinsa. Ya ba ni izini na buɗe. Fararen takardun suna nan babu ko ɗigo, sai dai gefensu ya yi baƙi ya lanƙwashe saboda yawan juyawa.

"Ina dubawa kullum, Agha Dawud," ya ce, don shi da sunana yake kirana. "Ban manta ba."

Ya karɓi littafin ya mayar inda yake, ya ja bargo.