Dutsen Bakin Ƙofarmu a Hindawiyya

A gidanmu na unguwar Hindawiyya, da an idar da sallar magariba kowa ya san inda zai nufa. Kakarmu, Hajja Ladi, za ta hau rufin gidan, wanda mu 'yan Jidda muke kira sutuh, riƙe da kaskon gawayinta, mu kuma mu bi bayanta kamar 'yan tsaki. Jidda ba garin jin ɗumi ba ne, zafin da Allah ya ba mu ma ya ishe mu, amma Hajja ba ta yarda a yi tatsuniya babu wuta ba. A kan garwashin take gasa 'ya'yan gahawa irin yadda ta koya a Sudan, ta daka da citta, hayaƙin ya kori sauro, mu kuma ya sa mu hawaye. Ni na ci sunanta, don haka Takwara take kirana. Yayana Bashir kuwa Maigida take ce masa, takan kuma ƙara da cewa ba ta taɓa ganin miji marowaci irinsa ba, tunda ko ɓarin goro bai taɓa kawo mata ba.

Akwai wata ɗabi'arta da ke ba mu kunya. A bakin ƙofar gidan akwai wani baƙin dutse mai faɗi, wanda kakanmu ya ɗauko daga hanyar Makka ya dasa lokacin da ya gina gidan. Kullum bayan la'asar Hajja za ta tsuguna a titi ta wasa wuƙarta a gefen dutsen na dama, da abin yanka ko babu. Mahaifiyarmu ta yi magana har ta gaji. Ta sayo mata dutsen wasa wuƙa na kanti, Hajja ta karɓa da hannu biyu, ta sa mata albarka, sannan ta tokare ƙofar kicin da shi. Maƙwabtanmu 'yan Yaman suna wucewa suna murmushi, ita ko a jikinta.

Tatsuniyoyinta yawanci na kura ne da zomo da 'yan matan da suka tafi itace, masu waƙa da dariya. Amma akwai ɗaya da ba ma roƙonta, domin babu waƙa a ciki kuma ba wanda ake yi wa wayo. Ita ce ta ƙauyen Madam. In za ta fara sai ta ce, "Ga wata nan tafe a kan ruwa." Mu amsa da sanyin murya, "Ta iso mu tarbe ta."

Madam wata tsohuwar Baturiya ce. Hajja ta yi shekaru tana girki a gidan ɗan Madam ɗin, wani injiniya da ke aiki a tashar jiragen ruwa, tsohuwar kuma takan zo ta yi watannin sanyi a wurinsa. Madam ta taɓa zaman Sudan tare da mijinta, don haka da Larabcin Sudan suke magana, Madam a kan kujera tana saƙa, Hajja tana yanka albasa. A wannan kicin ɗin labarin ya faɗo hannun Hajja.

Ƙauyen yana cikin wani kwari ne a arewacin Ingila, tsakanin tsaunuka biyu. Sunansa Hajja ba ta iya faɗa ba, mu ma ba mu taɓa sani ba. Ta ce gidajen duk na dutse ne har rufinsu, ruwan sama kuma ba ya jin kunyar zuwa kullum. Tumaki sun fi mutane yawa. Akwai rafi da ya ratsa tsakiyar gari, da wata gada ta dutse mai baki uku wadda kakannin kakanninsu suka gina don alfadaran fatake. Akwai maƙeri, da mai gasa burodi, da coci mai ƙararrawa, wanda Hajja ke kiran mai kula da shi limaminsu. Akwai kuma wani gida da maza ke taruwa da yamma, Hajja ta ce mana shayi suke sha a ciki. Sai da na girma na gane cewa ta tace mana labarin kafin ta zuba mana.

Ana nan, sai wani babban birni can nesa ya ji ƙishirwa. Masu awo suka zo da sandunansu, suka duba kwarin, suka ce ya yi daidai da tafki. Aka toshe bakinsa da madatsar ruwa, aka ba mutanen gari wa'adi. Hajja takan sassauta murya a nan. Ta ce sai da suka tone matattunsu ɗaya bayan ɗaya, suka kai su wata maƙabarta a kan tudu, sannan masu rai suka ɗaure kayansu. Ranar ƙarshe aka kaɗa ƙararrawa, duk gari ya taru, har waɗanda ba sa ga maciji da juna suka tsaya kafaɗa da kafaɗa. Ruwan bai zo da gudu ba. A hankali ya riƙa hawa, yau ya ci lambu, gobe ya ci gada, mutane suna zuwa ran Lahadi su tsaya a kan tudu suna kallo. Uwar Madam aka ba ta sabon gidan bulo mai famfo a ciki, amma ba ta ga sanyi na uku a cikinsa ba.

Shekaru suka shuɗe, Madam ta yi aure, ta zaga duniya, ta yi furfura. Sai wata shekara aka yi fari a ƙasarsu, abin da ba su saba gani ba. Tafkin ya ja baya, ya ja baya, har ƙauyen ya leƙo. Madam ta sa ɗanta ya kai ta a mota. Ta tarar da laka ta tsattsage, bango duk ya zube, tsofaffi suna yawo a kai suna gardamar ina ne gidan wane. Gadar ce kaɗai ke tsaye. Daga nan ta fara ƙirga taku, ta bi inda hanya take a da, tana share laka da takalminta, har ta kai ga wani dutse mai kwarmi a gefe. Dutsen bakin ƙofarsu ne, a nan uwarta take wasa wuƙa duk ran Asabar, saboda naman Lahadi. Madam ta sa yatsa a cikin kwarmin, ta zauna a kan laka da farar rigarta. Ɗan nata ya ce bari ya tsige dutsen ya sa a mota su tafi da shi. Ta hana shi.

Wata rana Bashir ya ce wannan tsohuwa ba ta da wayo, ga mota ga ɗa mai ƙarfi, me ya hana ta ɗauka?

Hajja ta dube shi ta cikin hayaƙi. "Maigida, shi ya sa ban yarda ka riƙe mini ko allura ba. In ta ɗauke shi, ta sami dutse, ta rasa gida. Dutse ba ya bin mutum, mutum ne ke komawa wurin dutse."

Ni kuma a daren na tambaye ta ina ne nata ƙauyen. Ta daɗe tana juya garwashi da ba ya buƙatar juyi. Ta ce tana 'yar shekara biyar iyayenta suka ɗora ta a kan jaki suka fito hajji daga ƙasar Hausa. Uban ya rasu a Sudan, uwar ta bi shi kafin su ƙetare teku. "Na san akwai tsamiya, akwai rijiya," in ji ta. "Sunan kuwa ya faɗi a hanya, Takwara, ban san inda ya faɗi ba." Sannan ta ce yalla, a sauka, gahawa ta huce. Sauran tatsuniyoyinta duk takan rufe su da kan ɓera da 'yar barkwanci, wannan kuwa ba ta taɓa rufe ta da komai ba.

A ciwonta na ƙarshe, lokacin ina da aure har da goyo, ta riƙe hannuna ta ce ba ta da zinariyar da za ta bar mini. Abu ɗaya ta roƙe ni: kome ya faru, kada a tsige dutsen ƙofa. Na ce mata to. Alkawari ne mai sauƙi, domin wa zai tsige dutse?

Sai ga shekarar da aka zo rusa tsofaffin unguwanni. Wata safiya muka tashi muka ga an rubuta wa bangonmu jan fenti, kalma ɗaya ta Larabci mai nufin a tashi. Haka aka rubuta wa duk layin. Cikin 'yan kwanaki Hindawiyya ta zama kasuwar katifu da firji da tukunyar gas, kowa yana neman mota, maƙwabtan shekara arba'in suna rabuwa a tsaye. Da muka gama lodi, na tsaya a bakin ƙofa na ce wa Bashir ya kawo ƙarfe. Shi, wanda ya kira Madam marar wayo, shi ne ya ce, "Hajja ta ce a bari, ya ukhti, 'yar'uwata." Na ce masa katafila ba ta san Hajja ba. Muka yi ta ja-in-ja har ya ce halas, wato shi ke nan, ya sa ƙarfe. Dutsen ya fi yadda muke zato zurfi a ƙasa, sai da maza uku suka ɗaga shi.

Yanzu muna haya a unguwar Waziriyya, hawa na uku. Bayan wasu watanni 'yata Ruƙayya ta matsa sai na kai ta ta ga inda aka haife ni. Tana jin Hausa sarai, amma da Larabci take mayar mini da amsa. Muka je da la'asar. Fili ne fetal, ƙasa a baje, har kana hango gine-ginen tsohon gari da a da ba a gani daga unguwarmu. Masallacinmu kaɗai aka bari. Na tuna da gadar Madam, na tsaya a ƙofar masallacin na fara ƙirga taku. Amma lungunanmu karkatattu ne, ka yi dama wajen mai gasa gurasa a tanur, ka yi hagu wajen shagon tela, kuma babu tanur babu tela. Na ƙirga sau uku, na sauka a wuri uku.

"Fen al-bait, ya Mama?" in ji Ruƙayya. Ina gidan?

Na nuna mata wani wuri da yatsa, na ce nan ne. Ta tsaya a kai ta ɗauki hoto da wayarta. Har yau hoton yana nan, tana nuna wa ƙawayenta, ni kuma ban iya gaya mata cewa wataƙila tsakar gidan 'yan Yaman ba ce.

Na sha gaya wa kaina cewa da mun bar dutsen, da yanzu yana cikin tarkacen da manyan motoci suka kwashe, kuma gaskiya ne. Bashir ma ya faɗa mini haka don ya kwantar mini da hankali. Amma gaskiyar ba ta hana ni jin nauyin alkawarin, kuma ina kuka a kansa fiye da yadda na yi kuka ranar da aka rusa gidan. Sai yanzu na gane abin da ke cikin muryar Hajja in tana ba da labarin nan. Muna yara mun ɗauka tausayin Madam take ji. Ashe sha'awarta take yi. Ruwa ya ci ƙauyen Madam, amma ya adana mata shi a inda yake, ga gada, ga ƙofa, ga kwarmin wuƙar uwarta. Hajja ba ta da ko sunan gari. Shekara da shekaru tana tsugunne a titi, maƙwabta na dariya, tana sassaƙa mana abin da ita ba a bar mata ba.

Dutsen yana barandarmu, kusa da injin wanki. Yatsuna uku suna shiga kwarmin da wuƙar Hajja ta yi masa daidai. Jikokin Madam, in suna raye, fari kawai suke jira su koma gida. Ni ga dutsen a hannuna, ban san ƙofar da zan mayar da shi ba.