Ruwa a Tankin Jirgin Baba

Mahaifina direban babbar mota ne tun kafin a haife ni. Kano zuwa Damagaram, Kano zuwa Maraɗi, wani lokaci har kudu. Da yanar ido ta fara rage masa gani, mai motar ya sallame shi cikin mutunci, ya dawo gida Kazaure. A nan muka gane ashe ba mu san shi sosai ba. Mutumin da a da sai a daɗe ba a gan shi ba, ga shi kullum a tsakar gida. Ya zauna, ya miƙe, ya leƙa zaure, ya dawo ya tambayi Inna ko an ba awaki ruwa. Ya kwance rediyo ya mayar. Ya kwance keken ɗinkin Inna, wannan kam bai mayu ba.

Ba a jima ba ya sayi wani tsohon kwalekwalen katako a hannun masuntan dam. Ya samo injin niƙa mai shan gas, ya sa mai walda ya haɗa masa dogon ƙarfe da farfela a ƙarshensa, ya ɗaure tankin wata matacciyar mota a bayan jirgin. Da shi yake ɗauko wa masu lambun tsallake kayansu zuwa bakin hanya. Tankin ba shi da agogon mai. Wani reshen darbejiya ya fere ya yi masa tsaga-tsaga, shi yake tsomawa ya ga inda man ya tsaya.

Ni a lokacin ina koyarwa a Kano. Na zo gida ranar Juma'a da niyyar komawa Lahadi da rana, don takardun jarrabawar ɗalibaina na can jibge ban duba ba. Ranar Asabar ruwan farko ya sauka da ƙarfi. Washegari da safe, ina haɗa jakata, Inna ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ka bi shi yau," ta ce. "Masu albasa sun dame shi da waya, suna so su kwashe kafin wani ruwan."

"Inna, motar rana zan bi."

"Shekaranjiya ƙanwarka ta wuce ta gabansa a zaure, bai gane ta ba sai da ta gaishe shi. A haka yake shiga ruwa shi kaɗai."

Na ajiye jakar.

A bakin dam Baba ya cire tsumma da ledar da yake toshe bakin tankin da su, ya tsoma sandarsa, ya zaro. Na lura bai kalle ta ba. Babban yatsansa ya bi da shi a jikinta har inda danshi ya ƙare. Ya ɗan yi jim, kamar awon ya fi abin da yake zato, sai wayarsa ta sake ƙara. Ya ce ya wuce rabi, ya isa zuwa da dawowa. Ya juya hannun injin, ya tashi da ƙarar nan tasa mai cika kunne, muka tafi.

Zuwa dai lafiya lau. Muka loda buhunan albasa har jirgin ya zauna sosai ta baya. Ni kuwa ina ta duba waya, ina lissafin ko zan samu mota kafin la'asar. Muna tsakiyar ruwa a dawowa injin ya yi tari, ya fitar da farin hayaƙi, ya sake tari, ya mutu.

Shiru ya sauko a kanmu, sai ƙarar ruwa yana dukan katako. Baba ya juya hannun injin har gumi ya jiƙa masa riga. Ya tsoma sanda, ya shafa, akwai mai. Ya sake juyawa. Ya sake tsoma sanda, kamar za ta canza magana. Iska kuma ta fara tura mu gefen duwatsu, inda babu ko gona, ga hadari yana haɗowa daga gabas. Na miƙe in hango ko akwai masunta kusa, na zauna, na sake miƙewa.

"Kai, zauna wuri ɗaya, za ka kifar da mu."

"Baba, ko in kira wani ya zo ya ja mu?"

"Ka kira wa? Ba ni robar ruwan nan."

Na juye ragowar ruwan shan da ke ciki na miƙa masa. Ya durƙusa ya zare tiyon da ke ƙarƙashin tankin, ya tara, ya toshe da yatsa. Ya ɗaga robar saitin rana, ya kawo ta kusa da fuskarsa, ya nisanta ta. Ya daɗe a haka. Sannan ya miƙo min ba tare da ya dube ni ba.

"Me ka gani?"

"Kashi biyu ne, Baba. Na sama ɗan kaɗan ne, ruwan ɗorawa. Na ƙasa fari ne, da datti a ciki."

"Ruwan jiya ne ya shiga ta tsumman nan," ya ce. Sannan ya ƙara da cewa, "Ni duk abu ɗaya nake gani."

Ban taɓa jin ya faɗi haka ba. In aka yi masa maganar idon, cewa yake rana ce ta yi yawa, ko kuma gilashin idonsa ne ba mai kyau ba. Sai na ce, "Ku ci gaba da tsiyayewa, ni zan riƙa duba muku."

Haka muka yi. Shi yana tarawa, ni ina ɗagawa in ce da saura, in juye a tsohon bokitin kwarfe ruwa, don ya hana a zubar a dam saboda kifin mutane. A hankali na ƙasan ya riƙa raguwa har robar ta cika da gas zalla. Daga nan bai ƙara buƙatar idona ba. Ya kwance matatar man ya wanke, ya sassauta wani noti yana famfa da hannu har kumfa ta daina fita. Yana cikin wannan aiki, kansa a sunkuye, na ce, "Baba, me zai hana a yi aikin idon nan? Mutane da yawa an yi musu, sun warke."

"Ba wuƙar nake tsoro ba," ya ce. "An ce in an gama sai ka kwanta, ba sunkuyawa, ba ɗaukar kaya, ba fita rana. Ni in yi me a kwance?"

"Kwanaki ne kawai."

"Kai da ka kasa zama a jirgi yanzun nan?"

Na yi dariya, shi ma ya ɗan murmusa. Ya juya hannun injin, ya ƙi. Na karɓa na juya, ya yi tari ya mutu. Muka kama tare, sai ya ɗauka. Muna ja wa albasa tamfol yayyafi ya fara, kafin mu kai gaɓa mun jiƙe sharkaf. Mota dai ban samu ba ranar, sai da asuba na tafi.

Ni ban sake tayar masa da maganar ba. Bayan damina ta yi nisa, wata rana na dawo daga makaranta na same shi zaune a ƙofar gidana a Kano da 'yar jakarsa. Ya ce ya zo a duba. Aka yi masa ido ɗaya, aka ce in ya warke a dawo a yi ɗayan.

Zaman jinyar nan ya wahalar da kowa. Matata ta ɓoye masa takalmi don kada ya fita, ya fita da nawa. Ya zagaye tsakar gidan har yara suka riƙa binsa a baya suna kwaikwayon tafiyarsa. Amma ranar da aka cire masa audugar, ya zauna da ƙaramar 'yata a cinya ya daɗe yana kallon fuskarta, ya ce ashe kunnen kakarta ta ɗauko. Wannan ne zama mafi tsawo da na taɓa gani ya yi.

Tun kafin likita ya sallame shi ya fara zancen jirgi, wai katako yana lalacewa in an bar shi. Ya koma Kazaure, ya sa aka yi wa tankin murfin ƙarfe mai zare, ya ci gaba da jigilarsa. Ɗaya idon har yau ba a yi ba. Duk sanda na kira na tambaya, sai ya ce bayan Sallah. Inna ta ce ita ta daina tambayarsa wace Sallar.